Asabar Ɗin Da Na Hau Dutse Ni Kaɗai

Masu karatu, yau ba daga ɗakina na gida nake rubuto muku ba. Ina zaune a bakin gadon wani otal, ƙafafuna biyu cikin roba da ruwan ɗumi, cinyoyina na min tsami kamar an kwana ana dukana. Wanda ya saba bina ya san inda aka kwana. Wanda kuma yau ya shigo, bari in gajarce masa.

Aikina haɗa injinan gwajin jini ne. Kamfaninmu ya sayar wa asibiti inji, ni kuma in je in haɗa, in koya wa ma'aikatan ɗakin gwaji yadda ake sarrafa shi, in zauna har hannunsu ya faɗa, sannan in tattara komatsaina in yi gaba. Ni ce babba a gidanmu, na doshi talatin, kuma ban yi aure ba. A wurin Umma wannan na ƙarshen shi kaɗai ne labarin, sauran duk surutu ne.

Wannan karon wani gari aka turo ni da duwatsu suka zagaye ta ko'ina, kamar an ajiye shi a cikin kwano. Ɗakina yana hawa na biyu. Labule ruwan ƙasa, fanka mai ƙara kamar tana ƙorafi, talabijin da tasha biyu kawai yake kamawa, da butar dafa ruwa da sai na danne maɓallinta da cokali take aiki. Dardumata na shimfiɗa a ɗan lungun da ke tsakanin gado da bango. In na ɗaga labule da safe, wani ƙaton dutse nake fara gani, hazo ya naɗe masa kai.

Ranakun aiki ba ni da matsala. Ina cikin farar riga da safar hannu, wannan na tambaya, wancan na kuskure, inji na kuka ina lallashinsa. Juma'a da yamma ce take kayar min da gaba. Kowa ya rataya jakarsa, ana ta "sai Litinin", abokin aikina da muka zo tare ya kama motar gida wurin iyalinsa, ni kuma in dawo in saka mukulli a ƙofar da babu mai ce min sannu da zuwa. Asabar ɗina ta farko a garin nan na yi wanki, na yi guga, na sake goge abin da na riga na goge. Har rana ta faɗi, kalmar da ta fita daga bakina zuwa ga ɗan Adam ita ce "na gode", ita ma ga mai kawo abinci.

Ga sabis ɗin waya a cikin kwarin nan sai a hankali. In ina son kira ya shiga, sai na je tagar da ke kan matattakala na tsaya. A nan Umma ta same ni jiya bayan la'asar.

"Ke, kina jina?"

"Ina ji, Umma."

"Mutumin nan ya zo gaishe da Abbanku shekaranjiya. Har maganin hawan jinina ya riƙo min, ban ko roƙe shi ba. Me kike so mu ci gaba da ce masa?"

"Umma, ki bari in dawo."

"Waccan tafiyar ma haka kika ce. Da wadda ta gabace ta. Ni dai ban ga aibun yaron nan ba. In kin gani ki faɗa min, in kuma wani ne a ranki ki fito da shi, ba wanda zai cinye ki."

"Babu kowa."

"To babu kowa, kuma ba shi ba. Ƙanwarki fa? Ita ma ta zauna sai kin gama zagaya duniya?"

Daga nan muryarta ta fara yankewa, ni kuma, Allah ya yafe min, ban matsa kusa da tagar ba.

Mutumin da take nufi a gidanmu Mai Kemis ake ce masa. Ɗan aminin Abba ne, yana da shagon magani a bakin babban titi. Dogo ne, siriri, kullum kayansa a goge har karin guga na neman yanka mutum. In ina gari yakan zo da yamma, ya zauna a kujerar da ke kusa da ƙofar falo, ya ajiye hularsa a gwiwa, ya tambaye ni aiki, in ba shi labarin injina da asibitoci, shi kuma ya yi ta gyaɗa kai. Auta, ƙanwata, ta taɓa cewa hira da shi kamar karanta 'yar takardar nan ce ta cikin kwalin magani: duk abin da ke ciki gaskiya ne, amma barci zai ɗauke ki kafin ki kai ƙarshe. Ranar har da riƙe ciki na yi don dariya.

Kullum da safe saƙonsa iri ɗaya ne: "Barka da asuba. Allah ya ba da sa'ar aiki." Ni kuma in mayar: "Amin, na gode." Haka muke tun watannin baya. Bai taɓa min laifi ba. Ban taɓa jin gabana ya faɗi don ya kira ba. Ku da kuka sani, ku gaya min, a kan wannan ake gina aure?

Ita kuwa Auta tana da nata, sun daidaita, iyayensa sun zo sun koma. Abba ya ce ba zai tsayar da ranarta ba sai ya san matsayina. Tun daga nan ta daina turo min bidiyoyin ban dariyar da ta saba cika min waya da su. Ba mu yi faɗa ba. Gaisuwa ce kawai ta rage tsakaninmu, irin ta maƙwabta.

Ina saukowa daga matattakalar ne mai karɓar baƙi ta tare ni, wata 'yar fara'a mai wushirya.

"Anti, ke ba kya fita ne? Tunda kika zo daga asibiti sai ɗaki."

"Ina zan je? Ban san kowa ba."

"Ai dutse ba ya tambayar wa kika sani. Duk Asabar akwai masu hawa, bas na ɗaukarsu a ƙofar nan da sassafe. Akwai mata, akwai iyalai. Ki je ki sha iska, kin fara kama da labulen ɗakinki."

Na yi dariya, na ce zan duba. Amma kafin magariba na tsinci kaina a wani shago ina gwada takalmin kambas.

Da safe na saka doguwar riga mara nauyi, ruwan toka, da wando a ciki, na ɗaura ƙaramin hijabi, na kifa hular rana a kai. Na kalli madubi na ga kamar wata baƙuwa. Na zuba gorar ruwa, dabino da biskit a jakar goyo, na sauka.

Bas ɗin ta kusa cika. Akwai wasu ango da amarya sanye da riguna iri ɗaya, lallen hannunta ko gogewa bai yi ba. Akwai wani magidanci da matarsa da 'ya'yansu, uwar na ta rabon rigunan sanyi. Baya kuma ɗalibai ne, sun cika motar da shewa. Na samu kujera kusa da taga, na ɗora jakata a ta gefena don kada ta zauna haka wayam. Na duba waya. Babu "barka da asuba". Na ce sabis ne.

A wani ƙauye da ke gindin dutsen aka sauke mu. Jagoranmu wani gajeren mutum ne mai furfura a gemu da usur a wuya. Ya ce kada kowa ya bar hanya, kada a jefi birai, wanda ya gaji ya faɗa, gajiya ba abin kunya ba ce. Kafin mu fita daga ƙauyen na hango wani ɗan mitsitsin shagon magani, kwalaye ba su fi a ƙirga da yatsu ba a kan katako, ga wata akuya ta miƙe a bakin ƙofa tana tuƙa kamar ita ce mai shagon. Na ɗaga waya na ɗauka.

Da farko hanyar ta bi ta cikin gonaki da aka yanka hawa-hawa a jikin tudu, an tokare kowace da jerin duwatsu. Raɓa ta jiƙa min bakin riga. Daga nan muka shiga itatuwa, inuwa ta rufe mu, iska ta sauya, wani sanyi mai ƙamshin ganye da danshin ƙasa ya riƙa shiga hanci. Muka tsallake wani rafi a kan duwatsu masu santsi. Ango ya miƙa wa amaryarsa hannu, magidanci ya ɗauke ƙaramar 'yarsa a wuya, ɗalibai suka riƙe juna suna ihu. Ni na tattare rigata, na yi bismillah, na tsallaka.

A hutun farko, kan wani faffaɗan dutse da ake hango ƙauyen a ƙasa, amarya ta matso tana murmushi.

"Anti, don Allah ɗauke mu mana."

Na ɗauke su. Ta ce a sake, idonta a rufe yake. Na sake. Magidanci ya ga na iya, ya miƙo tasa wayar. Ɗalibai suka biyo baya, kowa da tasa. Kafin a busa usur na zama mai hoton tafiya. "Ku matso. Ke, sunkuya kaɗan. Ku kalli nan." Suka yi ta godiya, suna leƙa hotunan suna yabon hannuna. Ba wanda ya ce, kawo taki a ɗauke ki. Ba mugunta ba ce, na sani. Wanda ya zo da nasa, nasa yake gani.

Daga nan hawan ya miƙe tsaye. Numfashina ya fara fita da ƙara, kambas ɗin da na yi ta yabo ya fara cin diddigena. A hankali muryoyin suka yi nisa, har na daina jinsu. Na tsaya na dafa wata bishiya. Babu motsin komai sai wani tsuntsu da ke maimaita kuka ɗaya, da bugun zuciyata a kunnena. Na daɗe ban ji kaɗaici irin na wannan lokacin ba. A ɗakin otal aƙalla akwai fanka.

"'Yata, in kika tsaya da yawa ƙafar za ta yi sanyi."

Na juya. Wata dattijuwa ce da na gani a gaban bas, da sandar ƙarfe a hannu, ta ɗaure mayafinta a ƙugu. Ashe tana bayana duk wannan lokacin, tana tahowa a natse.

"Sannu, Mama. Na gaji ne."

"Kin ɗauko shi da gudu ne. Cire takalmin in gani."

Ta zaunar da ni, ta duba diddigen, ta ciro filasta daga jakarta ta manna da hannun wanda ya saba. Ta ce nas ce, ta yi ritaya. Da na gaya mata aikina sai ta ce, "Ashe ku ne masu kawo mana injin da in ya lalace sai an jira ku wata guda." Muka ci gaba tare, tana gaba ina bin sawunta.

"Ke kaɗai kika zo, Mama?"

"A da mu biyu muke zuwa. Maigidana ne ya koya min. Mutum ne mai surutu kamar rediyo, daga gindin dutsen nan har samansa bakinsa ba ya rufuwa. Sunan kowace bishiya, tarihin kowane dutse, rabi ma ƙirƙira yake. Na yi shekaru ina roƙon Allah ya ba ni shiru." Ta soka sandarta a ƙasa, ta hau wani tudu. "Ya kuwa ba ni."

"Allah ya ji ƙansa."

"Amin. Kada ki min wannan fuskar, ba kuka na zo yi ba. Likita ya ce in riƙa motsa jiki."

Muka iso inda ruwa ke zubowa daga saman wani dutse, fari tas, yana faɗawa cikin wani tafki mai duhun kore. Feshinsa ya jiƙa min fuska. Sauran sun riga sun wuce, sai ɓawon lemo da suka bari. Na ɗauki hoton ruwan. Na ɗauki wani jan fure da ya fito daga tsagin dutse. Na ɗauki wani biri da ya zauna yana kallonmu kamar mun zo ba sallama.

"Wa ake tara wa hotunan nan?" in ji Mama.

"Ba kowa."

"Na ga kina ɗauka kina murmushi. Har akuya kika ɗauka a ƙauye."

Na buɗe baki zan ce Auta, sai na tuna ni da Auta yanzu sai gaisuwa. Umma kuwa cewa za ta yi me ya kai ni daji. Ƙawayena duk suna fama da yara, in na tura sai jibi a buɗe. Gaskiyar ita ce, lokacin da na ga akuyar nan a bakin shagon magani, abin da ya zo min shi ne: bari in tura masa in ce ga abokiyar sana'arka. Har na hango yadda zai yi dariyarsa marar sauti, kafaɗunsa kawai ke motsi. Ban san na haddace dariyarsa ba.

"Wani ne," na ce. "Amma ba wani abu ba ne."

"To," in ji ta.

Rana ta ɗaga sosai kafin mu kai sama. Masu karatu, ban iya kwatanta muku ba. Duwatsu ne jere bayan jere, na kusa kore, na nesa shuɗi, na can ƙarshe sun narke cikin sama. Garin da nake zaune ya koma kamar an watsa tsakuwa a tafin hannu. Na nemi asibitinmu na gano shi da jan rufinsa, na nemi otal ɗina na kasa. Iska na kaɗa hijabina tana neman tafiya da hulata. Gajimare na wucewa ta ƙasanmu, inuwarsa na rarrafe a kan gonaki.

Sai wayoyi suka fara ƙara, ta kowa. Jagora ya nuna wani dogon ƙarfen sabis a tudun da ke fuskantarmu, ya ce duk yankin babu inda waya ke kamawa kamar nan. Tawa ma ta yi ta rawa a aljihun jaka. Saƙon wurin aiki, tallan kamfanin waya, kiran Umma da bai shigo ba. Sai saƙon murya daga Mai Kemis, tun na safe. Bai taɓa turo min saƙon murya ba.

Na koma gefe, bayan wani dutse, na kara a kunne.

"Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri, na gwada rubutawa na kasa. Jiya na je na samu Abba. Na gaya masa na janye maganata. Na ce masa daga wurina ne, don kada a ɗora miki. Na kuma roƙe shi ya bar maganar Auta ta tafi, ba ta da laifi." Ina jin ƙarar motoci a bayansa. "Na daɗe da lura amsa min kike don kina da tarbiyya. Ni kuma ba na so in zama abin da aka matsa miki ki haɗiye. Ina son ki, wannan ba sai na ɓoye ba tunda magana ta ƙare. Allah ya haɗa ki da wanda za ki yi ɗokin saƙonsa. Ki kula da kanki a garin mutane."

Ƙarƙashinsa saƙon Auta ne. "Yaya me kika yi masa? Abba tun safe bai fito ba. Umma ta ƙi karyawa." Sai wani bayansa: "Ni fa ban taɓa cewa ki auri wanda ba kya so saboda ni ba. Haushi kawai nake ji kin daina gaya min komai."

Na zauna a ƙasa. Watanni ina addu'ar Allah ya kawo min mafita ba tare da na ɓata wa kowa ba, ga ta ta zo har inda nake. Na jira in ji sauƙi. Na jira in ji nauyin nan ya sauka daga kafaɗata. Abin da na ji kawai shi ne gobe da safe wayata za ta yi shiru, jibi ma haka, kuma duk faɗin duniyar da ke shimfiɗe a gabana babu mutum ɗaya da zai fara tunawa da ni kafin ya buɗe shagonsa. Can gefe ɗalibai na waƙa, amarya na gyara wa ango kwalar riga. Hawaye suka zubo, na bar su.

Mama ta zo ta zauna kusa da ni, ta ɓare lemo ta miƙo min rabi. Ba ta tambaye ni ba, ni na gaya mata, a gajarce.

"Son sa kike?"

"Ban sani ba, Mama. Ƙila kaɗaici ne kawai. Ƙila don ya tafi ne."

"Ƙila. Me kika sani game da shi?"

Na fara lissafawa a raina. Shagonsa. Mahaifinsa aminin Abba ne. Yana goge kaya. Daga nan na tsaya.

Jagora ya busa usur, ya ce a fara haramar sauka kafin hadari ya haɗu. Na san da zarar mun gangara, wayar ta koma dutse. Na miƙe, na danna lambarsa. Ta yi ta ringi har na fitar da rai, sannan ya ɗauka.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Na ji saƙonka."

"To. Ki yafe min in na..."

"Me ya sa ka yanke ba ka tambaye ni ba?"

"Na tambaye ki," ya ce a hankali. "Kin ce in bari ki dawo."

Iska na ta bugun wayar. Can a bayansa na ji wata murya ta tsoho, tana magana a karkace, kalmomin ba sa fita, da ƙarar ruwa a kwano.

"Ina kake?"

"Gida. Ina yi wa Baba aski."

"Kai kake masa aski?"

"Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ba ya yarda kowa ya taɓa shi sai ni. Asabar ba na buɗe shago da wuri. In masa aski, in masa wanka, in fito da shi rana."

Na san Baban nasa ba shi da lafiya, Abba na zuwa dubiya. Ban san ta kai haka ba. Sau nawa mutumin nan ya zauna a falonmu ina ba shi labarin asibitocin garuruwa, ashe shi da nasa asibitin a gida.

"Ba ka taɓa gaya min ba."

"Hirar ba ta taɓa biyowa ta nan ba."

Da ya faɗa da gori da na samu abin kamawa. A'a, faɗa kawai ya yi, kamar yana gaya wa mai saye sau nawa ake shan magani.

"Ke kuma ina kike? Iska ta cika wayar," ya ce.

"Kan dutse nake. Na hau tun safe."

"Ke kaɗai?"

"Da mutane." Na waiga na kalle su. "Ni kaɗai."

Jagora ya sake busa usur, ya ɗaga min hannu. Mutane sun fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya a bakin gangaren.

"Ba zan ce maka ina son ka ba," na ce, "don ban sani ba, kuma ba ka cancanci ƙarya ba. Amma ban san ka ba, kuma yau na ji ina so in sani. Ka zo Lahadi mai zuwa, tunda Asabar ta Baba ce. Mu hau dutsen nan. Akwai wata dattijuwa a nan da za ta raka mu. Wannan karon ni zan yi tambaya, kai ka yi magana."

Mama ta ɗaga gira, ta ci gaba da shan lemonta.

"Abba ya kira ni ɗazu," ya ce. "Ya ce in je gobe, bai gamsu da bayanina ba. Ba zan ƙi kiran babba ba."

"Me za ka ce masa?"

"Ban sani ba tukuna. Sai da na daɗe ina tattara ƙarfin da na yi maganar jiya. Ba abu ne da zan warware don kin ji kewa a kan dutse ba." Na ji ya juya yana cewa, "Ina zuwa, Baba, kada ka motsa." Sannan ya dawo. "Kumfa na bushewa a fuskarsa. Ki sauka a hankali, saukowa ta fi hawa kayar da mutum."

"Za ka zo?"

"Ban ce zan zo ba. Ban ce ba zan zo ba."

Ya kashe. Tun da muke, ni ce kullum mai fara ajiye waya.

Na tura wa Auta saƙo da sauri kafin sabis ya ɗauke: "Zan kira ki anjima, zan gaya miki komai. Ki lallaɓa Umma ta ci abinci." Na ga ya shiga. Na goya jakata.

Mun yi nisa a gangaren, hadari ya fara duhu a bayanmu, ina ɗingishi a kowane taku, kafin Mama ta yi magana.

"Wato har kin ba da ni aro ba ki tambaye ni ba."

"Ki yi haƙuri, Mama. Bakina ne ya riga ni."

"Lahadi gidan 'yata nake zuwa ganin jikoki. Amma zan ɗaga. Ina so in ga mutumin da ya sa budurwa kuka a inda kowa ke dariya."

"In bai zo ba fa?"

Ta miƙo min sandarta, don ta ga na fi ta buƙata, ta dafa kafaɗata muka taka dutse na gaba.

"Sai mu hau mu biyu," ta ce.